Yukiyo Mishima: Marubucin da Ya Kira Sarki, Sarki Bai Amsa Ba

Tafiyarmu ta yau mai nisa ce, domin za mu leƙa ƙasar Japan mu duba rayuwar wani mutum da har gobe mutanen ƙasarsa ba su gama yanke hukunci a kansa ba. Sunansa Yukiyo Mishima. A fagen alƙalami babu mai musun cewa yana sahun gaba cikin marubutan Japan na ƙarni na 20, domin ya bar littattafan ƙagaggun labarai sama da 30, ban da wasannin kwaikwayo da gajerun labarai da maƙalu masu ɗimbin yawa. Amma duk inda aka ambaci sunansa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ranar 25 ga Nuwamba, 1970, ranar da ya shiga barikin soja a tsakiyar birnin Tokiyo, ya ɗaure janar a kan kujera, ya fito barandar bene ya kira sojoji su tashi su mayar wa Sarki martabarsa. Sojoji suka yi masa ihu. Ya koma ciki ya farke cikinsa da wuƙa. Shekarunsa 45.

Tun daga ranar ake ta ja-in-ja. Wasu sun ce taɓin hankali ne, wasu sun ce sadaukarwa ce ta mai kishin ƙasa, wasu kuma sun ce wasan kwaikwayo ne da mawallafinsa ya hau dandamali da kansa. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai bayan na bi tarihinsa shi ne, Japan ɗin da ya ce ya mutu dominta shi ya gina ta a cikin kansa, da tubalin littattafai da na wata tsohuwar kunya, kuma Sarkin da ya kira sunansa a kan baranda bai aike shi ba. Sai mu bi labarin daki-daki.

Sunansa na asali Kimitake Hiraoka. An haife shi a unguwar Yotsuya ta Tokiyo ranar 14 ga Janairu, 1925, a gidan ma'aikatan gwamnati: mahaifinsa Azusa jami'i ne a ma'aikatar noma, kakansa kuwa ya taɓa riƙe gwamnan Karafuto, wato kudancin tsibirin Sakhalin, kafin wata badaƙala ta raba shi da kujerar. Mai faɗa a ji a gidan ita ce kakarsa Natsuko, wadda ta fito daga tsatson samurai, wato baraden tsohuwar Japan, ta kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a gidan wani yarima na gidan sarauta. Tana ganin aure ya sauko da ita daga inda ta dace, ga ciwon jijiya da ya kwantar da ita, ga zafin rai. Jaririn bai cika wata biyu ba ta karɓe shi daga hannun mahaifiyarsa Shizue, bisa hujjar cewa renon yaro a saman bene haɗari ne. Ta shimfiɗa masa kusa da gadonta a ɗaki mai duhu da warin magani. Ta hana shi shiga rana, ta hana shi wasa da yara maza, sai 'yan mata na dangi da 'yar tsana. Haka ya zauna har ya kai shekara 12.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ɗakin nan ya koyi karatu da zaman kaɗaici, ya sha labaran daraja da jini daga bakin tsohuwar da ba ta gajiya da tuna zamanin da ya wuce, kuma ta hanyarta ya san wasan kabuki, inda jarumi kan mutu a tsanake cikin ado. Da ya koma hannun iyayensa sai ya tarar da wani sabon gidan yari. Mahaifin yana ganin adabi aikin ragwaye ne, yakan kutsa ɗakin yaron ya yayyaga abin da ya rubuta. Mahaifiyar ce ke ɓoye masa takardu, ita ce kuma mai fara karanta rubutunsa.

An sa shi a Gakushuin, makarantar 'ya'yan sarakuna da masu muƙaman gado, alhali gidansu ba shi da irin wannan muƙami, ga shi kuma ramamme, fari fat, abin tsokanar ɗalibai. Kaifin ƙwaƙwalwa ya fisshe shi. A 1941, yana ɗan shekara 16, wata mujallar adabi ta buga labarinsa mai suna Hanazakari no Mori, ma'ana "Kurmi Cikin Fure". Malamansa ne suka zaɓa masa sunan aro, Yukiyo Mishima, domin kada mahaifin ya farga. Cikin mutanen mujallar akwai Zenmei Hasuda, malami mai tsananin kishin Sarki, wanda ya yaba wa yaron matuƙa. Wannan Hasuda, 'yan kwanaki bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, ya harbe kwamandansa a ƙasar Malaya saboda yana ganin ya ci mutuncin Sarki, sannan ya harbe kansa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin irin mutanen da suka fara sa wa Mishima albarka ke nan. A 1944 ya kammala makarantar yana na ɗaya, aka ba shi agogon azurfa, kyautar Sarki.

Ga kuma abin da ya bi shi har kabari. A watan Fabrairu na 1945, yaƙi ya kusa cinye Japan, takardar kiran soja ta iso masa. Ya je gwajin lafiya da zazzaɓin mura, wani matashin likitan soja ya ɗauka tarin fuka ne, ya sallame shi. Rundunar da za a sa shi a ciki aka tura ta Filifin, kuma mafi yawansu ba su dawo ba. A littafinsa na 1949, wanda kowa ya san rayuwarsa ce ya yi wa lulluɓi, jarumin labarin ya amsa cewa ya taya likitan kuskure da ƙarairayi, ya kuma fita daga barikin da gudu yana murna. Saurayin da ya cika takardu da begen mutuwar jarumta, da mutuwar ta leƙo sai ya ba ta baya. Ba na ganin laifinsa, ɗan shekara 20 ne kuma rai daɗi gare shi. Shi ne dai, bisa ga dukkan alamu, bai yafe wa kansa ba.

Ranar 15 ga Agusta, 1945, bayan bama-baman nukiliya na Hiroshima da Nagasaki, talakawan Japan suka ji muryar Sarki Hirohito a rediyo, karo na farko a rayuwarsu, yana sanar da ƙarshen yaƙi. Sojojin Amurka ƙarƙashin Janar MacArthur suka mamaye ƙasar har zuwa 1952. A cikin shekarun nan aka yi abubuwa biyu da duk tunanin siyasar Mishima ya rataya a kansu. Na farko, ranar 1 ga Janairu, 1946, Sarki ya fitar da sanarwar da ta kore aƙidar cewa shi abin bauta ne cikin siffar mutum, aƙidar da gwamnati ta daɗe tana cusa wa yara a makaranta bisa cewa gidan sarautar ya fito daga tsatson Amaterasu, allahiyar rana ta addinin Shinto. Na biyu, ranar 3 ga Mayu, 1947, sabon kundin tsarin mulki ya fara aiki, wanda jami'an Amurka ne suka tsara daftarinsa. Kundin ya mayar da Sarki alama ta ƙasa kawai, babu iko, sashe na 9 kuma ya ce Japan ta yi watsi da yaƙi har abada, ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Sai ga shi a 1954 an kafa Jieitai, wato Rundunar Kare Kai, mai bindigogi da tankoki da jirage, amma doka ba ta yarda a kira ta soja ba.

Abin lura, a wannan lokaci Mishima bai nuna wata damuwa da siyasa ba. Rasuwar ƙanwarsa da zazzaɓin taifod a watan Oktoba na 1945 ta fi girgiza shi a kan faɗuwar daula, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya. Neman suna ya sa gaba. A farkon 1946 ya kai rubutunsa wurin babban marubuci Yasunari Kawabata a garin Kamakura, wanda ya zame masa ubangida. Ya gama karatun shari'a a Jami'ar Tokiyo a 1947, ya kama aiki a Ma'aikatar Kuɗi don ya faranta wa mahaifinsa, yana aiki da rana yana rubutu da dare, bayan wata tara ya ajiye. A 1949 ya fitar da Kamen no Kokuhaku, wato "Furucin Fuskar Aro", labarin saurayin da ya gane zuciyarsa na karkata ga maza 'yan uwansa, ya rayu yana ɓoye wa duniya. Littafin ya mayar da shi tauraro yana da shekara 24. A cikinsa ne ya ba da labarin yadda, tun yana yaro, wani zanen Italiya na Sebastiyan, waliyyin Kirista da aka ɗaure a bishiya aka sossoke da kibau, ya kama zuciyarsa. Wato sha'awar kyakkyawan jiki da ake kashewa a ganiyar ƙuruciya ta riga kishin ƙasa shiga ransa da shekaru masu yawa.

Littattafai suka yi ta biyo baya. Bayan ya zaga duniya ya ga Girka, ya rubuta Shiosai, "Amon Igiyar Ruwa", a 1954, labarin soyayyar ɗan masunci a wani ƙaramin tsibiri, mai sanyi kamar ba shi ya rubuta ba. A 1956 ya fitar da Kinkakuji, "Haikalin Zinariya", wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne gwaninsa. Ya gina shi a kan abin da ya faru da gaske a watan Yuli na 1950, lokacin da wani matashin almajirin addinin Buda ya cinna wa shahararren haikalin nan na Kiyoto wuta. A hannun Mishima, almajirin mai i'ina ne da kyawun ginin ya tsare masa hanyar rayuwa, har ya ga babu mafita sai ya ƙone abin da ya fi so. Takardun kwamitin kyautar Nobel da aka buɗe bayan shekara 50 sun nuna cewa a 1963 yana cikin mutum shida na ƙarshe da aka tantance. Da kyautar ta zo Japan a 1968, ubangidansa Kawabata aka ba.

A 1955, yana da shekara 30, ya fara ɗaga ƙarfe, bai kuma daina ba har ya mutu. Ya ƙara da kendo, wasan takobi na Japan. Ramammen yaron nan na ɗakin kaka ya ƙera wa kansa ƙirji da damatsa, ya riƙa tsayawa gaban masu ɗaukar hoto, har da hoton da ya kwaikwayi Sebastiyan ɗin da kibau a jikinsa. A maƙalarsa Taiyo to Tetsu, "Rana da Ƙarfe", ya bayyana dalili ƙarara: kalmomi sun riga jiki isowa gare shi sun cinye shi kamar gara, kuma mutuwar jarumta ba ta dace da jiki mai taushi ba. Ya yi aure a 1958, suka haifi 'ya'ya biyu, ya gina gida irin na Turawa a Tokiyo, da gunkin Afolo na Girkawa a tsakar lambu. Mai kiran mutane su koma ga tsantsar Japan ke nan, yana zaune a kan kujerun Turai.

Shekarar 1960 ce ta juya akalarsa. A shekarar, dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Tokiyo suna zanga-zangar ƙin sabunta yarjejeniyar tsaro da Amurka. Mishima ya kalla daga gefe, amma hankalinsa ya koma ga wata tarzoma da aka yi yana ɗan shekara 11. Ranar 26 ga Fabrairu, 1936, wasu ƙananan hafsoshi suka fito da sojoji kimanin 1,400 cikin dusar ƙanƙara, suka kama tsakiyar Tokiyo, suka kashe manyan mutane, cikinsu har da ministan kuɗi Korekiyo Takahashi. Da'awarsu ita ce miyagun fadawa da attajirai sun shiga tsakanin Sarki da talakawansa, su kuwa sun zo su share masa hanya. Hirohito ya fusata, ya kira su 'yan tawaye, ya ba da umarnin a murƙushe su. Cikin kwana huɗu magana ta ƙare, daga bisani aka zartar wa mutum 19 hukuncin kisa.

A kan wannan ya rubuta gajeren labarinsa Yukoku, "Kishin Ƙasa", wanda ya fito a farkon 1961: wani laftanar sabon aure ya ga za a umarce shi ya yaƙi abokansa 'yan tawaye, ba zai iya ba, ba kuma zai saɓa wa Sarki ba, sai ya farke cikinsa, matarsa ta bi shi. An siffanta yankan dalla-dalla, shafi bayan shafi. Bayan 'yan shekaru ya mayar da labarin fim, ya ba da umarni da kansa, ya kuma fito a matsayin laftanar ɗin. A 1966 ya ƙara gaba da Eirei no Koe, "Muryar Jaruman da Suka Kwanta Dama", inda fatalwar hafsoshin 1936 da ta matuƙan jiragen kamikaze, waɗanda suka riƙa afka wa jiragen ruwan Amurka da rayukansu, suka dawo suna tuhumar Sarki: sun mutu domin abin bauta, don me ya sauko ya ce shi mutum ne?

A nan ne kishin Mishima ya rabu da na sauran masu ra'ayin mazan jiya, waɗanda da yawansu suka ga wannan tuhuma rashin ladabi ce. Hirohito na jini da tsoka bai gamsar da shi ba, yana ma jin haushinsa. Abin da yake wa mubaya'a shi ne Sarki a matsayin maɗaurin tsintsiya, tushen da harshe da waƙa da tarihi da ɗabi'ar Japan ke komawa gare shi. A maƙalarsa ta 1968 kan kare al'ada, ya ce al'adar Japan fure ce da takobi a haɗe, amma bayan yaƙi an yanke takobin an bar furen, wato shirya furanni da bikin shayi da sauran abubuwan da ba sa tsorata baƙo, an jera su kamar kayan gidan tarihi. Yana so a gyara kundin tsarin mulki, a kira soja da sunansa, a mayar da alaƙar girmamawa tsakaninsa da Sarki.

Littafin da ya riƙa a matsayin jagora shi ne Hagakure, tarin maganganun wani samurai mai suna Tsunetomo Yamamoto da aka rubuta a farkon ƙarni na 18, wanda ke koyar da cewa barde ya zauna kullum cikin shirin mutuwa. Mishima ya yi masa sharhi a 1967. Ga wani abu da ya kamata a sani game da wannan Tsunetomo: bai taɓa halartar yaƙi ba. An haife shi cikin doguwar zaman lafiya ta mulkin Tokugawa, ya yi aikin takarda a fadar ubangidansa, da ubangidan ya rasu a 1700 doka ta hana shi bin sa kabari, sai ya aske kai ya shiga zuhudu yana kukan lalacewar zamani. Begen zamanin da bai gani ba ne ya rubuta, bayan shekara 250 wani wanda shi ma yaƙi ya wuce shi ya ɗauka ya rungume. Haka kuma Mishima ya ƙaunaci labarin Shinpuren, wasu samurai da ba su kai 200 ba, waɗanda a 1876, bayan gwamnati ta hana yawo da takobi, suka far wa barikin Kumamoto da takubba da masu, suna ƙyamar bindiga saboda kayan baƙi ce. An ce in za su wuce ƙarƙashin wayar tangaraho sai su kare kansu da mafici. Bindiga ta gama da su cikin kwana ɗaya.

Daga takarda sai ya koma aiki. A 1967 ya sami izinin yin atisaye tare da Rundunar Kare Kai. A watan Oktoba na 1968 ya kafa Tate no Kai, "Ƙungiyar Garkuwa", ta ɗalibai kimanin 100, daga aljihunsa yake ɗaukar nauyinsu, ya sa aka ɗinka musu kaki mai maɓallai reras. Jaridu suka riƙa yi musu dariya, suna ce musu sojojin wasan yara. Lissafinsa shi ne, tarzomar ɗalibai masu ra'ayin gurguzu za ta fi ƙarfin 'yan sanda, dole gwamnati ta fito da soja, daga nan ƙofar gyaran kundi ta buɗe, shi da yaransa kuma su sami fagen mutuwa. Ranar 13 ga Mayu, 1969, ya shiga Jami'ar Tokiyo shi kaɗai ya yi muhawara da ɗaliban nan kimanin 1,000. An yi ta cikin raha fiye da yadda aka zata. Ya ce musu da za su ambaci Sarki da kalma ɗaya da ya haɗa hannu da su, domin shi da su abu ɗaya suke ƙi. Ya kuma ba su labarin ranar da aka ba shi agogo, yadda ya ga Sarki ya zauna awa uku bai motsa ba. Sai ga shi ranar 21 ga Oktoba na shekarar, 'yan sanda su kaɗai suka watsa babbar zanga-zangar da ya ɗora wa rai. Ba a bukaci soja ba, ba a kuma bukaci Garkuwa ba.

Japan ta lokacin hankalinta na wani wuri. Ta karɓi wasannin Olamfik a 1964, ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya a shekarar, a 1968 tattalin arzikinta ya wuce na Jamus ta Yamma, a 1970 kuma ta buɗe gagarumin baje kolin duniya a Osaka. Mutanen da suka ci yunwa a 1945 sun sami firiji da talabijin da mota. A watan Yuli na 1970 Mishima ya rubuta a jaridar Sankei cewa yana jin Japan za ta ɓace, abin da zai saura a gurbinta wata ƙasa ce mai arziki da wayo, fanko, marar launi, a wani lungu na Gabas Mai Nisa.

Safiyar 25 ga Nuwamba ya bar wa mawallafansa babin ƙarshe na Hojo no Umi, "Tekun Yalwa", littafi mai juzu'i huɗu da ya shafe shekara biyar yana rubutawa. Sunan na wani fili ne a doron wata, wanda babu ko ɗigon ruwa a cikinsa. Ya sa kaki, ya ɗauki tsohon takobi, ya tafi barikin Ichigaya, hedikwatar rundunar gabas, tare da mutum huɗu na ƙungiyarsa. Janar Kanetoshi Mashita ya karɓe su a matsayin baƙi, har yana duba takobin yana yabawa, sai suka far masa suka ɗaure shi, suka tokare ƙofofi. Hafsoshin da suka yi yunƙurin kutsawa suka sha sara. Mishima ya ce a tara sojoji, in ba haka ba janar ya mutu.

Da tsakar rana ya fito baranda da ƙyalle ɗaure a goshi, sojoji wajen 1,000 a ƙasa. Ya ce musu suna gadin kundin da ya ce babu su, kuma in suka ci gaba a haka za su ƙare sojojin hayar Amurka. Ya tambaye su ko babu namiji ɗaya da zai tashi tare da shi. Ba shi da lasifika, jiragen 'yan jarida masu saukar ungulu na ta ruri a sama, sojoji na ta ce masa ya sauko, wasu na zaginsa. Jawabin da ya shirya na rabin awa bai kai minti goma ba. Ya yi wa Sarki kirarin tsawon rai sau uku, ya juya ciki.

A wurinmu kashe kai haramun ne babu tababa, kuma ba don a yaba na kawo wannan ba, sai don mai karatu ya gane abin da mutumin ke nufi. A tsohuwar al'adar samurai, harakiri, wanda su Japanawa suka fi kira seppuku, hanya ce ta wanke kunya ko nuna rashin yarda ga shugaba, domin suna ɗauka a ciki gaskiyar mutum take. Akan tsayar da wani amini a baya da takobi ya sare kai don ya gajarta azaba. Tun 1873 aka soke shi a matsayin hukunci, ko da yake Janar Nogi ya yi shi a 1912 ranar jana'izar Sarki Meiji. Mishima ya durƙusa a ofishin janar ya yi nasa. Masakatsu Morita, ɗan shekara 25, shugaban ɗaliban ƙungiyar, shi aka ɗora wa saran, ya yi ta kuskurewa, sai Hiroyasu Koga ya karɓi takobin ya ƙarasa. Morita shi ma ya soki cikinsa, Koga ya sare shi. Sauran ukun suka kwance janar suka miƙa kansu, kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu a 1972.

Firayim Minista Eisaku Sato ya ce ba ya ganin komai a ciki sai hauka. Fadar Sarki ba ta sauya komai ba, Hirohito ya ci gaba da zama a gadonsa har 1989. Kundin 1947 yana nan har yau ba a canza masa ko kalma ba, duk da cewa gwamnatoci sun yi ta faɗaɗa fassarar sashe na 9, sansanonin Amurka kuma suna nan a Okinawa da sauran wurare.

In za a yi adalci, tambayar da ya ɗaga ba ta banza ba ce. Rundunar da doka ke musun samuwarta abu ne mai kama da yaudarar kai, kuma Japanawa na gardama a kai har yanzu. Tsoronsa cewa al'umma na iya ƙoshi ta manta ko ita wace ce, shi ma ba mafarki ba ne. Inda na rabu da shi wuri biyu ne. Takobin da yake kuka an yanke, maƙwabta sun san ɗanɗanonsa: Koriya ta zauna ƙarƙashin mulkin mallakar Japan daga 1910 zuwa 1945, Sinawa ba su manta kisan Nanjin na 1937 ba, kuma da sunan Sarkin nan aka yi duka. A lissafin Mishima waɗannan mutane ba su da wani gurbi na kirki, kyawun mai mutuwa ya rufe masa ido daga ganin wanda aka kashe. Na biyu, sojojin da suka yi masa ihu 'ya'yan manoma ne da ma'aikata, da yawansu sun tashi a gidajen da yaƙi ya cinye uba ko kawu, sun san farashin abin da yake tallata musu fiye da shi. Ya zo ya fi mai kora shafawa. Da wuya kuma a ce mutum mai basirarsa ya zaci za su bi shi, tun da ya shirya wasiyya, ya gayyato 'yan jarida biyu da ya amince da su tun da safe, ya tanadi wanda zai sare shi. Mutuwar ya je yi, kuma ya tafi da ɗan mutane mai shekara 25.

An yi babbar jana'izarsa ranar 24 ga Janairu, 1971, a haikalin Tsukiji Honganji na Tokiyo, Kawabata ne ya jagoranta, wanda shi ma aka tsinci gawarsa a ɗaki mai cike da iskar gas a watan Afrilu na 1972. John Nathan, Ba'amurken da ya fassara ɗaya daga littattafansa ya kuma rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa a kwanakin zaman makoki wani ya zo gaisuwa da fararen furanni. Mahaifiyarsa Shizue, wadda aka raba ta da shi tun yana jariri, ta ce masa da jajaye ya kawo irin na biki, domin wannan ne karo na farko a rayuwar Kimitake da ya yi abin da ransa ke so.